Mai Gyaran Injin Hoton Ciki

A barandar ɗakin hoton ciki ya fara ganinta. Shi mai gyaran injinan asibiti ne, da safe ya yi aiki a ɗakin, ya dawo ɗaukar jakarsa. Tana zaune a benci ita da yayarta, ta ƙura wa wata takarda ido.

"Malam, kai ne ka kwance injin nan ɗazu?"

"Ni ne."

"To ko bai gama gyaruwa ba? Likita ta ce ga ciki na sati bakwai, amma ba ta ga bugun zuciya ba. Wai in dawo bayan kwana goma, ko ya bayyana ko ya zube."

Yayar ta raɗa masa cewa wata guda ke nan da rasuwar mijin ƙanwar tata, cikin nan kaɗai ya bar mata.

Injin dai lafiyarsa ƙalau, sau uku ya gwada shi da hannunsa. Amma bawan Allah ya dubi jajayen idanun nan, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Gaskiya allon yana ɗan rawa, ƙanwata. Kar ki tayar da hankalinki."

Ai kuwa ta karɓi lambarsa. Kullum sai saƙo ya shigo: "Mai gyara, yau na ci abinci sosai. Har hira na yi masa."

"Madalla, ƙanwata. Allah ya raya mana shi," zai rubuta.

Rana ta tara cikin ya zube.

Saƙonta na ƙarshe gajere ne: "Likita ta ce injin bai taɓa rawa ba. Me na yi maka?"

Daga nan ɗif. Ya kira har ya gaji. Wata biyar ya yi yana ramewa, ga so ga kunya, ya rasa wanda ya fi cinsa.

"Kai da ko auren fari ba ka yi ba," in ji Ummansa, "sai bazawarar da ba ta ɗaga wayarka?"

"Umma, ni na ɓata, ni zan gyara."

"Ji shi! An ce maka inji ce?"

Ta yi faɗanta ta gaji, ta ga ɗa na neman ƙarewa a tsaye, ta ce ya je.

Bayan ta fita takaba ya same ta a falon yayarta. Bai ko taɓa ruwan da aka kawo masa ba.

"Ban zo kare kaina ba. Ƙarya na yi miki, kuma tun ranar nake sonki."

"Ka dawo jibi," ta ce.

Jibi ta haifi wata jibin, har magana ta kai ga manya. Aka ɗaura aure ba hayaniya. Umma ta riƙe hannun amarya tana hawaye: "Allah ya musanya miki da masu albarka, 'yata."

Da mutane suka watse, ya zauna a bakin kujera kamar baƙo.

"Ƙanwata, har yau ba ki ce kin yafe ba."

"Wata uku cur na yi ina tsanarka," ta ce. "Kar ka ƙara yi mini ƙarya, ko ta tausayi ce. Amma da ka faɗi gaskiya, makokinsa zan fara tun yana jikina. Kwana taran nan, mai gyara, su kaɗai na taɓa yi ina uwa."