Tukunyar da Ba a Ɗaure Ba

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ba shi da kyan gani. Ya shigo shagon babanta, inda ake cika tukwanen kashe gobara, fari fat tun daga gashi har takalmi, yana kakari. Wani ne ya ajiye masa tukunya a gaban a-kori-kurarsa babu fil ɗin da ke kulle bakinta, ta gangara ta matsu, ta feshe shi da gari.

"Sannu, Fatalwa," ta ce, tana miƙa masa buta.

Ya kuskure baki, ya tofar da wani abu mai kauri kamar kwaɓaɓɓen alli. "Ɗacin nan har hanji."

"Da ka sa mata fil, ka ɗaure ta a baya, da ba ka sha ba. Doka ce. Lodin tukwanen nan ba ya zama wuri ɗaya da fasinja."

Sunan ya bi shi. Ya zama shi ke kai wa shagon kaya, yana kafe kowace tukunya da igiya, ita kuma tana leƙe ta taga. Da yamma sai saƙo: "Autata, na isa lafiya. Duk abin da na ɗauko na ɗaure shi, zuciyata ce kawai na bari tana gangarawa wajenki."

"Allah ya shirye ka, Fatalwata. Ka ci abinci."

Maganar aure ta kai gaban Baba, bai ƙi ba. Sai wata safiya ya ce wa Fatalwa ya haɗa lodi da matan kasuwa masu neman mota, a zuba tukwanen ƙarƙashin ƙafafunsu.

"Baba, ka gafarce ni. Gara dai in yi sawu biyu."

"Tun ban ba ka 'ya ba kana ce mini a'a?"

A wannan satin Mai Bas ya fara zuwa gaisuwa, shi ma yana neman Auta. Shi ke kai yara makaranta, kuma bai taɓa ce wa babba a'a ba. Ga turare mai hawa kai, ga "to, Baba" kafin a gama magana.

Auta ta rubuta wa Fatalwa: "Sau ɗaya ne fa. Igiya ta fi ni a wajenka?"

Ya amsa: "Na ɗanɗani garin nan. Ba zan saye ki da maƙogwaron uwar wani ba."

Ta kashe wayar. Washegari ta ga Mai Bas yana cusa tukwanen da Baba ya ba shi ƙarƙashin kujerun yara da ƙafa, wasu ko fil babu, wata yarinya ta ɗora takalminta kan hannun guda. Ya kashe mata ido.

"Baba, dubi yaran nan."

"Ke ma kin kamu?" ya ce, ya shiga gaban bas ɗin don a rage masa hanya.

Ba su yi nisa ba motar ta faɗa rami. Tukunya ta buɗe, ga gilasan motar a rufe. Aka fito da yara suna tari suna amai a bakin titi, iyaye suna zagi. Allah ya taƙaita, babu wanda ya kwana asibiti.

Baba ya dawo fari fat. Auta ta miƙa masa butar nan. Ya kuskure, ya tofar, ya sake tofarwa.

"Kira mini mai taurin kan nan."

Aka sa wa Fatalwa ranar aure, amma abin ya daɗe yana cin ango a rai. Baba ya ga takalmin yarinya kan tukunya bai motsa ba, sai da garin ya shiga bakinsa shi. Shin gaskiya ce ta ba shi mata, ko ɗaci? Ya faɗa wa Auta.

"Ni ma sai da na gani da idona," ta ce a hankali. "Ka yi haƙuri da mu."

Ranar da aka kai amarya, Baba ya fito da sabuwar tukunya, ya duba fil, ya ɗaure ta da hannunsa a bayan a-kori-kura, ya ja igiyar har ta yi ƙara.

"Ga ta nan, ga 'yata," ya ce. "Allah ya yi muku albarka, ya raba gidanku da wuta. In na sake sa ka abin banza, ka sake ce mini a'a."

"To, Baba," in ji Fatalwa.