Tsutsotsin Sawsan a Ƙarƙashin Zir

"Iya, don Allah kar ki kai su rana!"

Da gudu na faɗa gidan, mayafina na jan ƙasa. Iya, mahaifiyar Bilyamin wanda zan aura, tana tsaye tsakar gida da farantai shida na gilashi a hannu. Aikina na wata takwas ne a ciki.



"Mine ne wannan, Sawsan? Hanaa ta ce tsutsa kike hana ma haihuwa. Shi ne kika biso da su gidan ɗana?"

Hanaa! 'Yar ƙanwarta da ta daɗe tana yi wa Bilyamin shayi ba a tambaye ta ba.

Laifin Bilyamin ne. Wuta ta ɗauke a ɗakin bincikenmu na garin Sinnar, zafi zai kashe min tsutsotsin, shi kuwa gwanin dabara ya lallaɓa ya ɓoye su ƙarƙashin zir ɗin Iya, babbar randar da ruwa ke ɗiga daga gindinta. Bai gaya wa kowa ba.

"Habibti, masoyiyata, yi mata bayani," Bilyamin ya faɗa daga bayan Iya.

"Kai yi shiru! In ban gamsu ba, babu ɗaurin aure ranar Juma'a."

Ranar Juma'a... Tsoro ya kama ni sosai.

"Iya, tsutsar ƙasa ce, ido ba ya ganinta sosai. Akwai wani furotin a jikinsu mai riƙe sinadarin kalsiyam. Na faranti uku suna da shi, na sauran ukun babu. Ina son in gano wacce ke jure zafi ta ci gaba da ƙwai."

Ta harare ni. Na zaro madubin ƙara girma daga jakata, na ɗora a kan faranti.

Ta leƙa na farko, ta leƙa na biyu. Ta daɗe.

"Wannan cike da ƙwai. Wannan kuwa fayau."

"Haka ne, Iya."

"To ai kajina ne! Duk bazara sai su daina ƙwai, sai baƙar nan kaɗai. Shekara ashirin ina tambaya, ba wanda ya ba ni amsa."

Ta cire gefen mayafinta, ta tsoma a ruwa, ta lulluɓe farantan da hannunta.

"Ɗiyata, maida su inuwa maza. Juma'a tana nan. Amma wallahi ba da su za ki shiga ɗakin ɗana ba!"

Bilyamin ya fashe da dariya, ni kuwa kuka na saka a kafaɗarta.