Kwalbar Lubabatu

A wata makarantar firamare a Yelwa, akwai wata yarinya 'yar aji shida. Kanta na ja, kuma ta san yana ja. Ba ta son a yabi kowa in tana wurin.

Wata rana Malama Sa'adatu ta yi musu darasin iska.

"Iskar da ta lulluɓe duniya hawa-hawa ce," in ji ta. "Ta ƙasa ta fi nauyi. Ita muke shaƙa, kuma a cikinta hadari ke haɗuwa. Ta samanta tana tare mana mugun hasken rana. Da zarar an ƙara hawa, sai iska ta ƙara raguwa."

Sannan ta ce za a yi gasar kimiyya tsakanin makarantu. Kowa ya haɗo abin da zai nuna darasin.

Yarinyar ta kifa ƙwarya, ta zana duniya a bayanta. Ta ja kibiya daga teku, ta iskar da ke kawo damina. Ta ja wata daga arewa, ta iskar rani. Abin ya yi kyau, ba ƙarya.

Amma akwai Lubabatu, sabuwar ɗaliba daga Warra. Ita kwalba ta kawo. Ta zuba yashin bakin tafki a ƙasa, ruwan bula a tsakiya, man ja a sama. Kowanne ya zauna a wurinsa.

"Mai nauyi ƙasa, marar nauyi bisa," in ji Lubabatu.

Aji ya ɗauki tafi. Yara suka yi cincirindo a kan kwalbar. Ƙwarya kuwa, ko kallo. Hassada ta turnuƙe yarinyar, har ta ji kamar ta yi kuka.

Da aka fita tara, sai ta laɓaɓo aji. Ta ɗauki kwalbar, ta girgiza ta da ƙarfinta duka. Komai ya cakuɗe ya zama kamar kunu. Ashe murfin bai rufu da kyau ba. Man ja ya fantsamo mata a farin hijabi.

Ta ruga famfo. Ta cuɗa, ta cuɗa, tabon sai ƙara yaɗuwa yake.

Da aka koma aji, ta saci kallon kwalbar. Ikon Allah! Yashi ya koma ƙasa. Ruwa ya kwanta a kansa. Man da ya rage ya haye sama. Wahalar banza ta sha.

Malama ta dubi kwalbar, ta dubi hijabin.

"Ina kika samo man ja?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Malama, ni na girgiza. Haushi na ji."

"Kayya," in ji Malama. "Ke da Lubabatu na so in kai gasar. Ita ta nuna hawan iska, ke ki nuna tafiyarta. Yanzu kuwa ita kaɗai za ta."

A gida, Inna ta ga tabon. Yarinyar ta faɗa mata komai tana hawaye.

"To ɗiyata, mi yabon Lubabatu ya rage miki?" in ji Inna.

"Ba komi, Inna."

"Amma kin ga abin da haushinki ya rage miki. Ungo man ja. Gobe ki kai mata, ki ba ta haƙuri."

Washegari ta yi hakan a gaban aji. Lubabatu ta karɓi man, ta cika kwalbarta.

"Malama, don Allah a tafi da ita," in ji Lubabatu. "Ni ban san in an girgiza yana komawa ba. Shi ya kamata mu gwada wa mutane."

Malama ta yarda.

Ranar gasa, yarinyar ta yi bayanin ƙwaryarta. Sannan Lubabatu ta miƙo mata kwalbar, ta raɗa mata, "Ki duba murfi."

Ta danne dariya, ta girgiza. Mutane suka zuba ido har komai ya koma wurinsa. Makarantarsu ta zo ta ɗaya.

Tabon bai taɓa fita duka ba. Duk lokacin da ta gan shi, sai ta tuna: hassada ba ta rage wa wanda aka yi wa komai. Mai yin ta take ɓatawa.