Kwalin Ƙwai a Shagon Kawu

Akwai wani yaro ɗan aji biyar da 'yan ajinsu ke kira Ɗan Sama, saboda ba shi da hira sai ta jiragen sararin samaniya. Akwai wani shiri da yake kallo a talabijin. Da aka fitar da littafin shirin, sai da ya karanta shi sau uku.

A cikin littafin akwai wani tsohon injiniya da almajirinsa. Tsohon ba ya bayani. Almajirin ma ba ya tambaya. Kallo kawai yake yi ya gyaɗa kai, sai ka ga ya tayar da injin jirgi.

Ranar Alhamis majigin makaranta ya lalace, ga shi Malama ta yi alkawarin nuna musu fim ɗin taurari ranar Litinin. Yaron ya ɗaga hannu ya ce kawunsa mai gyara ne, kuma tare za su gyara shi.

Ranar Asabar ya kai majigin shagon Kawu. Shagon ƙarami ne, cike da fankoki da rediyoyi, sai ƙaurin dalma. Kawu ya jawo wani tsohon kwalin ƙwai ya ajiye a kan tebur. Duk notin da ya kwance daga majigin sai ya jefa shi a ramin kwalin. Wani ramin noti biyu, wani huɗu, wani kuma ya tsallake shi. Yana yi yana bayani da sauri.

"Ka gane?" in ji Kawu.

Yaron bai gane komai ba. Me ya haɗa ƙwai da majigi? Me ya sa aka tsallake rami? Amma ya tuna almajirin littafi, sai ya gyaɗa kai.

Can aka kira Kawu ya duba firjin maƙwabta. Ya ce yanzu zai dawo, ya fita.

Yaron ya zauna yana ta saƙe-saƙe. A littafi, in tsohon ya bar almajirinsa da inji, to jarrabawa ce. Shin wannan ma jarrabawa ce? Kawu bai ce ya taɓa ba. Amma ai bai ce kada ya taɓa ba. Tsohon ma ba ya faɗa.

Sai ya juye notunan a kan tebur don ya gan su da kyau. Nan take suka zama duk kamarsu ɗaya. Ya riƙa sa kowanne inda ya shiga. Da ya rufe murfin, noti huɗu suka rage. Ya duba sama, ya duba ƙasa, babu gurbin noti da ya saura a jikin majigin. Ya kunna majigin.

Wani abu ya yi ƙara a ciki, ya yi tsit.

Da Kawu ya dawo ya buɗe, sai ya tarar dogon noti ya shiga gurbin gajere, ya tokare fankar da ke sanyaya majigin, har fiffikenta biyu sun karye.

"Injiniya, wa ya aike ka?"

"Na ɗauka gwada ni kake yi, Kawu."

"Da majigin mutane zan gwada ka? Ni da na bar ka gadi?"

Yaron ya ba shi labarin littafin. Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce shi wannan tsohon, in jirginsa ya faɗo, marubuci ne zai ɗaga shi a shafi na gaba. Nan kuwa babu mai ɗaga musu. Sannan ya bayyana masa cewa kowane ramin kwalin mataki ɗaya ne na kwancewa. In za a mayar, daga ramin ƙarshe ake farowa. Ramin da aka tsallake kuma yana nufin a nan an cire waya.

"Da ka ce ba ka gane ba, da sau goma zan maimaita maka," in ji shi.

Ranar Litinin babu fim. Yaron ya tsaya a gaban aji ya faɗi abin da ya yi. Wani daga bayan aji ya ce Ɗan Sama ya faɗo ƙasa, aji ya kwashe da dariya. Malama ta tsawatar, amma ta ce ta ji daɗi da bai ɗora wa Kawu laifin ba.

Da yamma Kawu ya gyara matsalar majigin ta farko, sannan ya ciro fanka daga wata matacciyar kwamfuta ya maye gurbin wadda ta karye. Suka zauna suna gwada notunan ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya yi ta tambaya, har Kawu ya ce ya bari ya sha ruwa tukuna.

Ranar Laraba aka rufe tagogin aji, taurari suka cika bango. Wanda ya yi masa ba'a ne ya fara tafi.

Tun daga ranar yaron ya koyi cewa faɗin "ban gane ba" ba abin kunya ba ne. Mai koyo da tambaya yake koyo.