Fuskar da Yaya Ba Ta Iya Kallo

Ranar da suka fara haɗuwa, korarsa ta yi.

Ya shigo ɗakin da ake ɗaura wa masu ciwon daji ruwan magani yana riƙe da hannun yayarsa, ƙamshinsa kuwa ya riga shi isa gadon ƙarshe. Nan take wata tsohuwa ta toshe hanci. Sista, nas ɗin da ke kula da ɗakin, ta ajiye tiren allurai ta tare shi.

"Malam, don Allah waje. Masu karɓar maganin nan ƙamshi na tayar musu da zuciya."

"Ban fa shafa komai ba," ya ce yana sosa ƙeya. "Turare nake sayarwa, shi ya kama ni."

"To je ka ya sake ka, sai ka dawo."

Da ranar magani ta zagayo, sai ga shi da sabuwar riga wadda ba ta taɓa shiga shago ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga hannuwa sama. "A duba ni, ranki ya daɗe." Dariya ta ƙwace mata. Shekara shida tana aiki a ɗakin nan, har ta manta rabonta da dariya a cikinsa.

Wata takwas Yaya ta yi tana zuwa. Ita ta raini Mai Turare tun rasuwar iyayensu, shi ya sa bai taɓa barinta ta zo ita kaɗai ba. Yana zaune yana ganin yadda Sista ke lalubo jijiya idan kowa ya gaza, da yadda ta rungume Yaya ranar da gashinta ya fara zuba. Ya kuma ga abin da ba wanda ke gani: kofin shayinta da ke hucewa a kan tebur tun safe.

Wata rana tana cire takalman aiki saƙonsa ya shigo.

"Mai Korata, yau na ƙirga kin duba mutum goma sha tara. Ke wa ya duba ki? Kin ci abinci?"

Ta karanta sau uku. Ba ta san tana jin yunwar wannan tambaya ba sai da aka yi mata ita.

Allah ya ba Yaya sauƙi, likita ya sallame ta. Mai Turare bai ɓata lokaci ba, ya ce zai kai Sista gida a gan ta a matsayin wadda yake so ya aura. Ta yi kwalliyarta cikin murna, ta bi shi gidansu. Tana yin sallama Yaya ta ɗago kai. Idonsu na haɗuwa, Yaya ta toshe baki ta ruga banɗaki.

Sista ta san wannan abu sarai. Jiki ba ya mantuwa. Ta sha ganin waɗanda ta yi jinya suna kau da kai idan sun hango ta a kasuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ba ta dai taɓa zaton ita za ta zama tsumman a gidan da take son shiga ba.

Daga inda take tsaye ta ji muryar Yaya tana kuka. "Wallahi ba ƙinta nake ba, ƙanena. Amma in na gan ta, wata takwas ɗin nan nake gani. Ka nemi wata."

Kafin Sista ta isa gida ta tura masa saƙo: "Ita ce uwarka, ita ce ubanka. Ba zan shiga tsakaninku ba. Ka bar kirana."

Ya bar kira, amma bai bar rubutu ba. "Na bi umarninki, Mai Korata. Kora ta biyu ke nan, wannan ta fi ciwo." Ba ta amsa ba, ba ta kuma goge ba. Wata biyu tana aiki kamar inji, tana yi wa marasa lafiya murmushin da bai kai zuci ba. Duk wanda ya turo ƙofa sai ta waiwaya. Tana kewarsa har cikin ƙashinta.

Ranar hutunta da la'asar tana shanya kayan aiki aka yi sallama. Yaya ce, da ƙaramar roba a hammata, Mai Turare na bayanta ya rame ya yi zuru-zuru.

"Kada ki matso tukuna," in ji Yaya. Ta zauna, ta ɗora robar a cinya, ta kafe Sista da ido gumi na tsattsafo mata. "Yaron nan yana ramewa irin ramar da na yi, shi kuma ba ruwan da za a ɗaura masa. Wata takwas kina riƙe mini irin wannan robar, ko sau ɗaya ba ki yamutsa fuska ba. Yau ni zan riƙe abata. In na yi amai na yi. Gobe in dawo, jibi in dawo, har cikin nan nawa ya koyi kunya."

Ta kuwa yi aman a ranar. Ta goge baki ta ce, "Ɗaya ke nan." Sista na kuka tana dariya.

A zuwa na tara Yaya ta manta robar a gida, ba ta ma tuna ba sai da ta tashi tafiya.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da aka shigo da amarya, Yaya ta ture kowa gefe, ta tallabi fuskarta da hannu biyu, ta daɗe tana kallo har hawaye ya zubo mata.

"Ashe haka kike da kyau, ƙanwata," ta ce. "Allah ya yi muku albarka. Kin yi jinyar mutane, yanzu ki shigo mu yi taki."