Ƙofar da Ta Ƙi Karɓar Fenti

Motar Baba ta tsufa. Fentinta ya koɗe, tsatsa ta fara cin gefen ƙofofinta. Baba ya ce shi da kansa zai sake mata fenti.

Ya cire murfin tankin mai, ya tafi da shi shagon mai fenti don a haɗa masa shuɗi iri ɗaya. Mai fentin abokinsa ne tun suna yara. Ya ba shi fentin mota, ya ce na bango ba ya zama a jikin ƙarfe.

Baba ya goge motar da samfefa har tsatsar ta fita. Ya wanke ta, ta bushe. Ya rufe gilasai da tsoffin jaridu, ya fesa mata fentin farko mai ruwan toka. Sannan ya tara yaransa biyu, ya ce kada wanda ya taɓa ta sai an gama.

Da yamma Auta, ƙaramar gidan, ta tsaya tana kallon motar. Motar ta yi fururu kamar ƙafar da ba a shafa wa mai ba. Tausayinta ya kama Auta. Ta ɗauko man shafawar Mama, ta murza wa ƙofar baya har ta yi sheƙi.

Washegari Baba ya fesa shuɗin. Ko'ina ya kwanta sumul, ban da ƙofar baya. A nan fentin ya tattare, ya yi ƙananan ramuka.

Baba ya daɗe yana dubawa. Sai ya juya ya kalli hannun Yaya, wanda kullum yake cikin baƙin man keke. Yaya ya rantse bai je kusa da motar ba. Mama ta ce ita dai jiya ta ga yaran maƙwabta suna leƙe ta katanga. Auta ta sunkuyar da kai.

Baba ya buɗe gwangwanin, ya sansana, ya juya fentin da tsinke. Fuskarsa ta canza.

"An yi wa fentin nan algus," in ji shi. "Abokina ne zai yi mini haka?"

Mama ta tambaye shi me ya sa ƙofa ɗaya kawai ta lalace. Bai saurare ta ba. Ya sa hula, ya ɗauki gwangwanin. Ya ce a gaban mutane zai mayar masa, kuma ya daina taka shagon.

Auta ta tuna mai fenti. Shi ne yake ajiye mata gwangwanayen da babu komai a ciki tana shuka fure. Ta ruga ta riƙe rigar Baba a bakin ƙofa.

"Baba, ba shi ba ne. Ni ce na shafa mata man Mama. Na ga jikinta ya bushe."

Baba ya ajiye gwangwanin a hankali. Ya zauna a kan dakali.

"Shi ya sa maina ya yi ƙasa," in ji Mama. "Har na fara zargin Yayanki."

"Ni kam komai ni ne," in ji Yaya.

Baba ya yi wa Auta bayani cewa fenti ba ya kama wurin da yake da maiƙo. Ya ba Yaya haƙuri. Sannan ya miƙa wa Auta samfefa. Tare suka goge ƙofar har hannunta ya yi ja, suka wanke ta da sabulu.

Mai fenti da kansa ya kawo ƙarin shuɗi. Da Baba ya faɗa masa komai, ya yi dariya har da hawaye. Wannan karon ƙofar ta fito sumul.

Auta ta koyi cewa idan babba ya hana abu, a tambayi dalili kafin a taɓa. Kuma wanda ya yi kuskure ya faɗa da wuri, kafin zargi ya faɗa kan marar laifi.