Bangon da Na Shafe

"Wa ya shafe bangon nan?"

Muryar Yaya, malaminmu, ce ta cika ɗakin. Ni kuwa ina tsaye, burushi a ɓoye a bayana, fenti yana ɗiga a kan takalmina.

Yara sai kuka suke, suna nuna bango, suna magana da yaren da ko kalma ɗaya ba na ji. Ikon Allah! Makarantarmu ta kawo mu ƙasar nan yawon buɗe ido da aikin sa kai, an ce yau fentin gidan marayu za mu yi, na kuwa yi. To laifina me?

Sai da tafinta ya yi bayani. Ashe layukan biron da na gani a bangon ba ƙazanta ba ce. Tsawon kowane yaro ne, duk shekara ake aunawa. Wasu ma iyayensu mata ne suka ja layin farko kafin su rasu.

Na waiga wajen 'Yar Gayu, 'yar ajinmu, wadda da bakinta ta ce mini, "Auta, shafe can, duk ya yi dauɗa." Ta hau gyaran mayafi kamar ba ta taɓa ganina ba. Dama tun a jirgi take cika tana batsewa, don kawai saurayina Dogo ya ɗaukar mini jaka.

"Ni ne, Malam."

Dogo!

Wayyo ni! Yayana shi ne malamin da ya jagoranci tafiyar, kuma da ƙyar ya fara sauraron maganar aurena da Dogo, wai yaron ya cika shirme.

"Ai dama na sani," in ji Yaya. "Gobe ba ka bin mu bakin teku. Maganar ƙanwata kuwa, ka cire ta a ranka."

Na buɗe baki, Dogo ya girgiza mini kai, ya fice.

Daga nan ko kallona bai ƙara yi ba. Fushi yake? Sona yake? Ko dabarar rabuwa da ni ya samu? Wallahi kaina ya kulle.

Da safe a motar zuwa bakin teku 'Yar Gayu ta matso kusa da ni. "Ki yi haƙuri ƙawata, namiji in ya gaji haka yake..."

"Direba, tsaya!"

Na dira, na koma gidan marayun da gudu.

A durƙushe na same shi gaban bangon, da cokali a hannu, yana kankare fentina a hankali, yara sun kewaye shi. Layuka sun fara leƙowa.

"Me ya sa ka yi ƙarya?"

"Kin baro teku, sahibata?"

"Tambayarka nake!"

"Da kin ga fuskarki jiya..." Ya ci gaba da kankara. "In na kalle ki Malam zai gane. Ni na saba shan faɗa, ke kuwa kuka za ki yi."

"Ka rasa ni fa kenan!"

"Na sani. Har yanzu ban gama fahimtar abin da na yi ba."

Sai ga kukan ya zo. Ina cikin yi na ji takun Yaya a bayana, ashe biyo ni ya yi.

"Yaya, ni na shafe. Ni ce, ba shi ba."

Ya dube ni, ya dubi bango, ya dubi yatsun Dogo da suka saluɓe. Agogonsa ya cire, ya ɗauki wani cokalin.

Ba duka layukan suka dawo ba. Na wata yarinya ya tafi har abada, abin yana cina har yau. Amma ita ce da yamma ta ja ni jikin bango, ta hau kujera ta auna ni. Da aka zo kan Dogo, hannunta ya kasa kaiwa.

Yaya ya karɓi biron.

"Miƙe da kyau. In mun koma gida ka turo manyanka wajen Abba."

"Na'am, Malam?!"

"Kai, daina rawar jiki mana, kana karkata mini layi!"